Awon furesha na ido: na iska, na shuɗiyar wuta ko ɗan ƙaramin nan na hannu, wanne za ka yarda da shi?

Wata ranar Talata kawuna ya shigo min ɗakin awo da takardu biyu a hannu, ko gaisawa bamu gama ba ya ajiye su kan tebur. Ɗaya daga wani shagon gilashi ce da ya je canza tabarau, an hura masa iska a ido an rubuta 27 a dama 26 a hagu, aka ce masa ya hanzarta zuwa asibiti yana da hawan jinin ido. Ɗayar kuma tamu ce ta satin da ya biyo baya, 20 da 19. Yace min, "Ɗana, ni fa ban gane ba, ido ɗaya ne nake yawo da shi ko biyu? Wannan yace ina dab da makancewa, wannan yace lafiya lau, toh waye maƙaryacin a cikinku?" Nace Kawu ku zauna, babu maƙaryaci a ciki, na'urorin ne ba iri ɗaya ba kuma kowacce da yadda take tambayar ido.

Tun daga ranar abun yake raina, sabida ba shi kaɗai bane, kusan kullum sai wani ya zo da irin wannan ruɗanin, ga kuma abokan aiki masu shirin buɗe ɗan kilinik suna tambayata wace na'ura za su saya tunda kuɗin ba zai isa biyu ba.

Da farko dai sunan da muke kiran ciwon shi ne yake fara ɓatar da mutane. Hawan jinin ido ba jini bane, kuma ba hawan jinin da ake ɗaura maka abu a dantse bane, mutum zai iya zama jininsa daidai amma idonsa na ƙonewa a hankali. A cikin ƙwayar ido akwai wani ruwa garai-garai, ba hawaye ba, wanda idon ke samarwa ba dare ba rana, yana fita ta wata 'yar magudana mai kama da rariya a lungun da baƙin ido ya haɗu da fari. In rariyar nan ta fara toshewa ruwan na ci gaba da zuwa amma fitarsa ta ragu, sai matsi ya taru, shi ne abun da a asibiti muke ce wa furesha. A yawancin mutane yana tsakanin 10 zuwa 21, ma'aunin kuma milimita na zaiba ne, wato mmHg ɗin da kake gani a takarda. Matsin nan jijiyar gani yake ci, kuma daga gefe yake farawa, tsakiya na nan tar, shi yasa mutum sai ya yi shekaru yana karanta Alƙur'aninsa yana tuƙa mashin ɗinsa bai san komai ba, sai ranar da ya fara karo da ƙofa ko yara suka fara cewa Baba baya ganin mutum sai ya juyo gaba ɗaya. Abun da ya tafi kuma baya dawowa, ba kaman yanar ido ba da ake cirewa gani ya dawo.

Babban binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kusan mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 suna da gilakoma, wato wannan ciwon da muke ce wa hawan jinin ido, ita ce ta biyu wajen makantar da mutane bayan yanar ido, kuma cikin masu ita waɗanda suka san suna da ita basu kai 6 cikin 100 ba, mutum 1 cikin 5 kuwa ya riga ya makance. Wallahi duk lokacin da na tuna lissafin nan sai jikina yayi sanyi, don fuskokinsu nake gani a layi duk safiya.

Toh ga asalin matsalar awon. Babu na'urar kilinik da take shiga cikin ido ta auna ruwan kai tsaye, kusan dukkansu daga waje suke danna ɓawon gaban ido, wannan fatar mai haske kaman gilashin agogo da likitoci ke kira koniya, sai su ƙiyasta abun da ke ciki daga yadda ta turje. Ka ɗauki mai faci in yana danna taya da babban yatsa, tayar da robarta ke da kauri zai ji ta da tauri ko iskar ba ta cika ba, wadda ta sude kuma sai ta lotsa masa ko da iskar tayi yawa. Haka ido yake. In ka riƙe wannan misalin duk sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Na'urar da har yau ake auna sauran da ita ita ce Goldmann, sunan likitan da ya ƙirƙiro ta a birnin Bern na Suwizalan cikin shekarun 1950. Ita ce wadda kake ɗora haɓa da goshi, a ɗiga maka maganin kashe jin ido mai ɗan yaji na 'yan daƙiƙu, a shafa maka wani kala ruwan ɗorawa a gefen fatar ido, sai a kunna shuɗiyar wuta wani ɗan kan roba ya matso ya taɓa idon. Kai ba ka jin komai. Mu ta ɓangarenmu muna ganin rabin zobe biyu koraye, ɗaya sama ɗaya ƙasa, muna murza ɗan maɓalli har bakunansu na ciki su haɗu, inda suka haɗu nan ne lambar. Wurin da take baje wa a kan koniyar faɗinsa milimita 3.06 ne, an zaɓi girman ne don a daidai nan jan da hawaye ke yi da turjiyar koniya suke kashe juna. Dabara ce mai kyau sosai, kuma ba ta cin batir ba ta da wata kwamfuta a ciki da za ta lalace, wadda muke amfani da ita ta girmi wasu daga cikin ma'aikatanmu. Sannan babban dalilin da yasa ba a iya ture ta: manyan binciken da aka gina maganin gilakoma a kansu da ita aka yi awo. Wani binciken ƙasar Suwidin da ya nuna duk maki 1 da aka sauke yana rage haɗarin ci gaban ciwon da kusan kashi 10 cikin 100, makin Goldmann ake nufi. Don haka in likita yace maka yana so furesharka ta sauka 14, 14 ɗin Goldmann yake magana.

Amma tana da nata. Sai da na'urar haska ido ta tebur, sai da wuta ko janareto, sai mutum ya iya zama ya miƙa wuya, wanda tsohuwa mai ciwon baya ko yaro ɗan shekara huɗu ba za su iya ba. Tana buƙatar hannun da ya ƙware, kalar in tayi yawa zoben yayi kauri lambar ta hau, in tayi kaɗan ta sauka, mutum biyu za su iya auna ido ɗaya a samu bambancin maki 1 ko 2. Kan robar nan kuma dole a tsaftace shi tsakanin mutum da mutum, lokacin da apolo ke yawo wannan ba abun wasa bane, akwai na yarwa bayan amfani ɗaya amma kuɗi ne. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe da ake zuwa da shi cikin akwatinta na gwada ko ma'aunin bai karkace ba, a 0 da 20 da 60, wurare da yawa ƙarfen nan ya ɓata tun shekarar da aka sayo ta, sai a yi ta awo da na'urar da ba wanda ya san ko tana ƙara maki 3 ko tana ragewa. Wannan yana min ciwo fiye da rashin sabuwar na'ura.

Sai maganar kaurin koniya, wadda mu ta shafe mu kai tsaye. Goldmann ya gina lissafinsa ne kan koniya mai kaurin kusan rabin milimita, maikiron 520 haka. Wanda tasa tafi kauri sai na'urar ta ba shi lamba sama da gaskiya, wanda tasa siririya ce ta ba shi ƙasa da gaskiya. Wani babban bincike da aka yi a Amurka aka fitar a 2002 ya nuna siririyar koniya ita kanta alamar haɗari ce, kuma baƙaƙen fatan da ke cikin binciken tasu ta fi ta turawa siranta. Ka ga kenan mutanenmu da ciwon ya fi kamawa da wuri kuma ya fi yi musu ɓarna, su ne kuma na'urar za ta fi yi wa rangwame ta ce 18 alhali abun ya wuce haka. Haka wanda aka taɓa yi wa aikin lesa na daina sa gilashi, an fefe masa koniya, lambarsa za ta riƙa fitowa ƙasa, dole ya faɗa wa duk mai auna shi. Awon kaurin baya cin minti ɗaya kuma sau ɗaya ya wadatar ga yawancin mutane, in asibitin da kake zuwa suna da na'urar ka roƙa a yi maka.

Yanzu ta iskar da ta tsorata Kawu. Ita ma ba sabuwa bace, tun 1972 aka fito da ita a Amurka. Tana feso iska fuf a ido, ta auna ƙarfin iskar da ya baje koniyar ta hanyar hasken da ke dawowa. Amfaninta a fili yake, ba ɗigo, ba kala, ba taɓa ido, wanda aka koya wa na kwana biyu zai iya, layin mutum ɗari za a gama kafin azahar. Matsalarta ita ce cikin ƙiftawar ido take ɗaukar awon, furesha kuma tana hawa da sauka tare da bugun zuciya, shi yasa ake harbawa sau uku a raba. Kaurin koniya ya fi ruɗa ta a kan Goldmann, kuma tana yawan ƙara lamba musamman in furesha ta ɗan hau. Ga kuma tsoro, mutum ya san fuf ɗin na zuwa sai ya matse ido ya riƙe numfashi, duka biyun nan kuwa suna tada furesha nan take. Da muka auna kaurin na Kawu sai ga shi kusan 590, ga shi kuma da kansa yace shi ya runtse ido sau uku kafin yarinyar ta samu awon. Jijiyarsa da na duba lafiyayya ce. Masu shagon basu yi laifi da suka turo shi ba, aikin na'urar kenan, ta ɗaga hannu tace a duba wannan. Laifin shi ne gaya wa dattijo cewa yana da ciwon daga lamba ɗaya ta iska, kwana shida bai yi barcin kirki ba.

Akwai tsohuwar Schiotz ta ɗan ƙasar Nowe ta 1905, ta ƙarfe mai allura da 'yan duwatsun awo, ana kwantar da mutum rigingine a ɗora masa a ido sannan a duba jadawali. Har yanzu tana nan a ƙananan asibitoci don arha ce kuma ba ruwanta da wuta. In ita kaɗai ce a garin ta fi babu nesa ba kusa ba, za ta kama wanda furesharsa ta kai 40, amma ban yarda a riƙa daidaita maganin mutum da ita ba. Perkins kuma Goldmann ce dai aka mayar ta hannu mai batir, lambarta kusan ɗaya da uwarta, ana iya auna wanda ke kwance, sai dai riƙe ta daidai sai wanda hannunsa ya faɗa. Tono-Pen kaman ƙaton biro take, ana sa mata 'yar hular roba a kai a ɗan dangwala a ido bayan an ɗiga maganin kashe ji, tana da amfani ga mai hakiya don kanta ƙarami ne za ka nemi wurin da ba tabo, amma tana yawan ƙara wa ƙaramar lamba tana rage wa babba.

Wadda ni a ganina ta canza aikin da gaske ita ce iCare. Wani likita ɗan Finlan mai suna Antti Kontiola ya ƙirƙiro ta, ta shigo kasuwa a 2003. Wani ɗan tsinke ne siriri mai farin kan roba, nauyinsa kusan na ƙwayar shinkafa ɗaya, na'urar ke cillo shi ya taɓa koniya ya koma da sauri, ta auna yadda ya ja birki. Ido mai tauri yana mayar da shi nan da nan, mai laushi a hankali. Sau shida take yi ta ba ka matsakaici, kuma taɓawar ba ta kai a ce an ji ba balle a ɗiga magani. Ranar farko da na auna wata yarinya 'yar shekara uku tana zaune kan cinyar uwarta tana kallon fitilar waya, ba kuka ba kokawa, abun da da sai an kai ta ɗakin tiyata an sa ta barci, daga ranar na daina kallonta a matsayin kayan gayu. Ka saka ta a jaka ka hau mota ka je ƙauye, ka auna dattijo a ƙarƙashin bishiya, ka auna matar da ke kunyar kusantar fuska da namiji don ba sai kun haɗa goshi da na'ura ba, nas ko jami'in lafiya na karkara zai koya cikin yini ɗaya. Kowane mutum da sabon tsinkensa, ba maganar ɗaukar apolo. Har likitocin dabbobi suna da irin tasu ta dawaki da karnuka.

Inda take cizo kuma shi ne tsinken nan. Na'urar kanta dubban daloli ce, sannan kowane mara lafiya tsinke ɗaya ka yar, tsinken kuma da dala ake sayo shi, ka san yadda naira take. Na ga inda aka samu kyautar na'urar daga masu taimako aka yi murna, bayan wata huɗu akwatin tsinke ya ƙare ta koma durowa. Na kuma ga inda ake goge tsinken da sifirit ana maimaitawa, wanda ba haka aka yi shi ba, yana lanƙwashewa lambar ta lalace. Ita ma kaurin koniya na ruɗa ta, kuma sai ka harba a tsakiyar ido na'urar tana miƙe, in ka kauce gefe lambar ta canza. Yawanci tana kusa da Goldmann da maki 2 ko 3, wanda wajen tantance jama'a ba komai bane, amma ga wanda jijiyarsa saura ƙiris kuma ake neman a riƙe shi a 12, maki 3 ba ƙaramin abu bane.

Sai manyan da suka zo don su magance matsalar tayar mai faci. Ocular Response Analyzer ta kamfanin Reichert, wadda ta fito a 2005, ita ma iska take hurawa amma tana ɗaukar awo biyu, lokacin da koniyar ke lotsawa ciki da lokacin da take dawowa, bambancin biyun yana nuna yadda koniyar ke shanye duka, sai ta fitar da lambar da aka cire wa tasirin koniya. Abun sha'awar shi ne wannan bambancin shi kansa in yayi ƙasa ana ganin ciwon ya fi saurin ci gaba. Corvis ST ta Jamus kuma kyamara ce ke ɗaukar hoto sama da 4,000 a daƙiƙa ɗaya lokacin da iskar ke lotsa idon. Pascal ta Suwizalan ba ta baje koniyar ma, kanta a lanƙwashe yake ya zauna daidai da ita. Duk ukun ilimi ne mai kyau kuma ya dace a ce manyan cibiyoyi irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa su ne gidansu. Amma wanda zai buɗe kilinik mai ɗaki biyu, kuɗin ɗaya daga cikinsu gara ya sa shi a na'urar gwajin faɗin gani, wadda ke nuna ko ganin gefe ya fara tafiya.

Duk waɗannan da na lissafa kuma suna da rauni guda da suka yi tarayya a kai, hoton daƙiƙa ɗaya suke ɗauka. Furesha ba ta tsayawa wuri guda, a mutane da yawa ta fi hawa cikin dare da asuba, kuma kwanciya na ƙara ta. Kai kuma ƙarfe goma na safe kake zuwa asibiti sau uku ko huɗu a shekara. Shi yasa za ka ga mutum kullum 15, 16, yana ɗiga maganinsa, amma gani na ta raguwa. Nan ne sababbin fasahohin suka nufa. iCare HOME, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2017, mara lafiya ke tafiya da ita gida ya riƙa auna kansa safe, rana, dare, har in ya tashi sallar asuba, bayan sati ya dawo likita ya sauke lambobin a kwamfuta. Tana tona abubuwan da kilinik baya gani, sai dai ba kowa ke iya saita ta a idonsa ba, musamman mai rawar hannu ko wanda ganin ya riga ya tafi. Triggerfish ta kamfanin Sensimed na Suwizalan kuma gilashin nan ne mai laushi da ake mannawa a ƙwayar ido, da ɗan zaren awo a cikinsa, ana kwana da shi awa 24 yana ɗaukar bayani duk minti 5 har cikin barci, Amurka ta amince da shi a 2016. Amma mutane su gane, baya ba ka lamba ta mmHg, canjin faɗin ƙwayar idon yake bi, zai nuna maka ƙarfe nawa abun ke tashi amma ba zai ce maka 24 bane ko 30. Sai Eyemate ta wani kamfani a Hanoba ta Jamus, wannan ita ce ta shiga ciki da gaske, ɗan firikwensin, wato ɗan abun awo, da ake dasawa a cikin ido lokacin tiyata, babu batir a jikinsa, mutum ya kara wata 'yar na'ura kusa da ido ta karanto lambar. Turai ta ba shi izini a 2017. Shi ba ruwansa da kaurin koniya, amma tiyata ce, ba kuma abun da ake yi wa kowa bane ko a can.

Ga mai tambayata ko ya sa ɗansa da ke waje ya aiko masa da ta gida, amsata ita ce kar ka fara sai likitanka ne yace yana buƙatar lambobin. Na'urar ba ta magani, kuma na san halinmu, mutum zai ga 23 da tsakar dare ya ƙara ɗigo da kansa ko ya ga 13 ya ajiye maganin. Akwai hanya mai arha da ke kusa da ita, ka ware yini ɗaya ka zauna a asibitin a auna ka tun sassafe duk bayan awa biyu har yamma da na'ura ɗaya. Ba ta kama dare ba amma tana kama da yawa.

Akwai wata ta Rasha, Diaton, da ake aunawa ta saman fatar ido ba a taɓa ƙwayar, tana iya taimakawa inda koniyar ta lalace gaba ɗaya amma lambarta ba ta cika tafiya da ta Goldmann ba. Danna ido da yatsu biyu kuma sai dai ya gaya maka idon yayi tauri kaman dutse, ba awo bane.

Toh in kuɗin na'ura ɗaya gare ka ya za a yi? In kana da na'urar haska ido kuma masu gilakoma za su riƙa dawo maka wata-wata, Goldmann za ka ɗora mata, ka adana ƙarfen gwajin, kuɗin da za ka riƙa kashewa bayan nan ɗigo ne da kala kawai. In aikinka fita ne, ƙauyuka, makarantu, yara, tsofaffin da ba a iya kawowa, iCare ce, amma ka lissafa kuɗin tsinken shekara guda tun kafin ka biya na na'urar, in lissafin bai fita ba ka nemi Perkins ka zauna ka koye ta. In shagon gilashi ne da jama'a ke shigowa da yawa, ta iska ta wadatar, da sharaɗin duk wanda ya haura 21 ka tura shi a sake aunawa kuma kar ka sa wa ciwon suna da bakinka.

Shi kuma mara lafiya abun da ya fi masa amfani ba sabuntar na'urar bane, tsayawa kan iri ɗaya ne. In yau iska, wata mai zuwa iCare, na gaba Goldmann, ba wanda zai iya cewa maganin na aiki ko baya yi. Ka tambaya da wace aka auna ka, a rubuta sunanta da lokacin a katinka. Ka ɗiga maganinka ranar awo kaman kullum, mutane da yawa na tsallakewa wai don likita ya ga gaskiyar ciwon, alhali aikin maganin muke son gani. Ka sassauta maɓallin wuya ko rawani in ya matse, kayi numfashi, kar ka kwankwaɗi ruwa lita guda dab da shiga don yana ɗaga furesha na ɗan lokaci. Kuma don Allah ka faɗi duk ɗigon da ka saya a kemis, waɗannan na ƙaiƙayin ido masu sitiroyid irin deksametason da ake ɗiga wa yara wata da watanni suna iya tada furesha sosai, na ga saurayi ɗan shekara 19 da suka cinye wa jijiya, har yau in na tuna shi raina ɓaci yake.

Sannan kar lamba mai kyau ta sa ka saki jiki, ko da wace na'ura aka samo ta. A binciken birnin Baltimo na Amurka kusan rabin waɗanda aka samu da gilakoma furesharsu ba ta wuce 21 ba a awon farko, a garin Tajimi na Japan ma sama da 9 cikin 10 ne. Dole a leƙa jijiyar, a yi gwajin faɗin gani, wannan da kake danna maɓalli in ka ga ɗigon haske, in da hali a ɗau hoton OCT, wato hoton da ke nuna kaurin jijiyar gani. Wanda ya kai 40, ko yake da uwa, uba, wa ko ƙani mai ciwon, shi ya fi kowa buƙatar wannan cikakken dubawar, kar ya jira makon gilakoma na watan Maris da ake awo kyauta.

Kawu dai bamu sa shi kan magani ba. Amma da yake yayarsa, wato gwaggona, da ciwon ta rasu ba ta gani, na saya masa ɗan littafi na rubuta a shafin farko: Goldmann, ƙarfe 9 na safe, dama 20, hagu 19, kauri kusan 590. Ya ninke takardar iskar ya cusa a tsakiyar littafin yace ita ma a bar ta, ai ita ta kawo shi. Bayan wata shida zai dawo a sake awo da gwajin faɗin gani, kuma yayi min alƙawarin zuwa da 'ya'yansa biyu manya.